GYARAN GASHIN KARE IN YA DUNƘULE

Darasinmu na yau a kan kare ne.

Wani zai ce: "Malam, kare kuma?" I, kare. Wa ke kwana garkar albasa sa'ad da kake barci? Wa ke korar dila daga garken awaki? Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Tun da muna cin moriyar kare, sai mu kula da jikinsa.

Yawancin karnukanmu gajeren gashi gare su, kamar karen Azawak na arewacin Tawa. Amma akwai masu dogon gashi a wuya, da kunne, da wutsiya. Su ne ke shan wahala da kaka, lokacin da ƙarangiya ta bushe.

ME KE KAWO DUNƘULEWA?

Ƙarangiya ta kama gashi. Ƙura da taɓo su hau kai. Kare ya yi ta susa, gashin ya cukurkuɗe ya zama curi. Curin nan yana jan fata dare da rana. Iska ba ta shiga ƙarƙashinsa. Nan kaska da ƙuma ke ɓuya. Nan gyambo ke tashi. Ƙuda ya zo ya yi ƙwai, sai tsutsa.

Na ga haka da idona. Wani ɗalibina ya ce karensa ya daina cin abinci, ya daina haushi, har ɓarayi sun shiga garkarsa. Muka je muka duba. A wuya, ƙarƙashin igiya, gashi ya daskare kamar tabarma. Da muka yanke shi, sai ga gyambo cike da tsutsa. Wata biyu ke nan ba wanda ya taɓa kwance igiyar.

KAYAN AIKI

Ka tanadi mataji mai manyan haƙora, da almakashi, da matsefata, da ɗan man gyaɗa, da sabulu, da tsumma mai tsawo. Matajin ya zama na kare kaɗai. Kada mutanen gida su yi aiki da shi.

YADDA AKE YI

1. Ku zama mutum biyu. Mai karen shi zai riƙe shi, don shi ya sani. A yi da safe, a inuwa.

2. A ɗaure bakinsa da tsumma, ba da tsanani ba. Kare mai jin zafi yana cizon ko ubangijinsa. In ya fara haki, a kwance ya huta.

3. Kada ka fara da ruwa. Ruwa yana ƙara tamke curi. A warware tukuna, wanka daga baya.

4. Shafa ɗan mai a kan curin. Ka buɗe shi da yatsa kaɗan kaɗan, kana fid da ƙarangiya.

5. Riƙe gindin gashin da hannu ɗaya don kada fata ta jawu. Ka fara taza daga bakin gashi, kana matsawa zuwa gindi. Sannu ba ta hana zuwa.

6. Curin da ya ƙi warwaruwa, a yanke shi. Amma ka fara sa mataji tsakanin fata da curin, ka yanka a bisa matajin. Fata takan ɗago ta shiga cikin curi, mai gaggawa sai ya yanki nama.

7. Duba bayan kunne, da wuya, da hammata, da gindin wutsiya, da tsakanin yatsu.

8. In ka ga kaska, kama ta da matsefata dab da fata, ka ja a hankali. Jefa ta wuta. Kada ka murtsuke ta da farce, don kaska tana ɗauke da cuta.

9. Yanzu a yi wanka da sabulu, a ɗauraye sosai, a bar shi ya bushe.

10. Ƙone gashin da aka yanke. Share makwancinsa. Kaska ɗaya tana zuba ƙwai dubbai a tsagar bango. Sannan ka wanke hannunka da sabulu.

ABIN DA BA A YI

Kada ka aske shi ƙwal. Gashi shi ne rigarsa, rana za ta ƙone fatar. Kada ka shafa masa baƙin man mota, ko kananzir, ko maganin ƙwarin albasa. Kare yana lasar jikinsa, sai ya sha guba. In ka ga gyambo mai tsutsa, ko gashi yana zuba kamar ƙazwa, nemi likitan dabbobi.

GARGAƊI BABBA

Karen da ya sāke hali farat ɗaya, yana dalalar da miyau, yana cizon duk abin da ya gani, kada ka taɓa shi. Wannan alamar haukan kare ce. Ciwon nan yana kashe mutum wajen 59,000 a duniya kowace shekara, kuma da yawansu yara ne. In alamunsa suka bayyana ga mutum, ba shi da magani. Amma akwai allurar rigakafi. Louis Pasteur, mutumin Faransa, shi ya fara yi wa mutum ita a 1885.

In kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. A kai shi gidan likita ran nan, kada a jira gobe. Karenka kuma, a yi masa allura tun yana ɗan wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya ce.

Rigakafi ya fi magani. Taza sau ɗaya a mako, da kaka kuwa kullum da marece, ta isa ta hana curi.

TAMBAYOYI DON MAKARANTA

Ku tattauna da malaminku, kowa ya rubuta amsa a littafinsa:

1. Don me ba a fara wa curi da ruwa?
2. Ina ake sa mataji kafin a yi yanka?
3. Minti nawa ake wanke cizon kare?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.