Jami'o'i da matsalar zaizayar ƙasa a kwarin Rima

Garin Ambursa, wanda ke kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, yana tsakanin ƙasa iri biyu: tudu mai jigawa inda ake noman gero da wake, da kuma fadamar kogin Rima inda ake noman shinkafa.

Masana kimiyyar ƙasa sun ce lafiyar fadamar ta dogara ne ga lafiyar tudun. Idan aka sare itatuwa, dabbobi kuma suka cinye karmami da rani, iskar bazara da ruwan farko kan tarar da ƙasa a tsirara. Ruwan sai ya kwashe taki, ya haƙa kwazazzabai, ya kai yashi ya jibge a kan lakar fadama da cikin kogi.

Aikin jami'a a nan shi ne awo: gwada ƙasa a ɗakin bincike, kwatanta hotunan tauraron ɗan adam na shekaru daban-daban, da bin bayanan ruwan sama. Wani lokaci sakamakon yakan saɓa wa abin da aka saba ji.

Bayan farin shekarun 1970, an yi ta cewa hamada na gurgusowa kudu kamar bango. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya shafe shekaru yana bin manoman ƙauyukan arewa, kuma a littafinsa na 1989 ya nuna cewa batun ya fi haka sarƙaƙiya. Ƙasa takan lalace ne nan da can, gwargwadon ruwan sama da yadda ake sarrafa ta, kuma takan farfaɗo.

Haka nan binciken William Adams na 1985 ya gano cewa madatsar ruwan Bakolori, da aka kammala a 1978, ta rage ambaliyar da ke ciyar da fadamun da ke ƙasa da ita, har manoma da dama suka bar shinkafa suka koma gero da dawa, kamun kifi ma ya ragu. Wannan ya shafi Kebbi, domin ruwan kogin Sakkwato da na Rima ne ke haɗuwa su bi ta Argungu.

A gida kuwa, Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da aka kafa a 1975, tana da cibiyar binciken makamashi da ta ƙera murhu mai rage cin itace. Kebbi kanta ta samu jami'ar jiha a Aliero a 2006, da ta tarayya a 2013.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne isar da sakamakon ga manomi. Akasarin binciken da Turanci ake rubuta shi, malaman gona kuma ba su da yawa.

A Jamhuriyar Nijar, manoman Maraɗi da Damagaram ne da kansu suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu tun daga shekarun 1980. Daga baya ne masana suka auna, suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5.

A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin arewa 19 da Abuja, kuma Kebbi na ciki.