Hijabi a Bakin Sarƙa: Wa Zai Ɗinka wa 'Yan Matan Mafara Kayan Hawa Keke?

Wata Talata da yamma, ana watsewa daga kasuwar Mafara, ƙanwata ta ɗauki keken gidanmu za ta kai saƙo unguwar da ke gaba da mu. Ba ta yi nisa ba gefen hijabinta ya faɗa cikin sarƙa, ya naɗe, ya fizgo ta ta wuya. Allah Ya taƙaita, gwiwa da tafin hannu kawai ta kurje, hijabin ne dai ya tashi daga aiki. Da ta dawo gida ba wanda ya tsaya tambayar yadda aka yi. Hukunci ɗaya aka yanke mata: daga yau ta daina hawa keke, ai ta girma.

Ni kuwa har gobe ina ganin laifin na kayan da ke jikinta ne.

Kar mu yaudari kanmu, 'yan matan da ke tuƙa keke a Talata Mafara, Bakura da Maradun ba su da yawa. Yawanci ƙanana ne, kuma da zarar yarinya ta fara tasowa sai a sauke ta. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin kabu-kabu ya tashi, tsofaffin kekunan da aka jingine a zaure suka koma wajen mai gyara. Samari sun sami sauƙi. Ɗalibar da ke zuwa Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau, ko mai kai abinci gona a fadamun da madatsar Bakolori ke shayarwa, ita sai dai ta biya ko ta taka da ƙafa. Ko da iyayenta sun yarda ta hau, me za ta sa?

Hijabin da ake yayi yanzu dogo ne har ƙasa, mai faɗi, yadinsa mai santsi, iska kaɗan ke ɗaga shi. Zani ba ya barin ƙafa ta juya feda. Kekunan da ke kasuwarmu kuma galibi na maza ne, masu ƙarfe a tsakiya, sarƙarsu a buɗe. Wadda aka goya a babur ma ba ta tsira ba, don duk wanda ya saba hawa kabu-kabu ya sha jin direba yana cewa Hajiya a tattara hijabi.

Sai maganar gani. Baƙi, ruwan toka, shuɗi mai duhu, ruwan ƙasa: su ne launukan da muka fi saye, don ba sa nuna datti kuma suna da kamala. To, ki tsaya a bakin babban titin da ya taso daga Gusau ya nufi Sakkwato bayan magariba, musamman lokacin hazo, ki ga ko za ki hango mace mai baƙin hijabi kafin fitilar mota ta iso kanta. A watan azumi abin ya fi yawa, mata na dawowa daga tarawihi ko tafsiri a gefen titi, manyan motoci na wucewa.

Za ka ce ai ga riga mai ƙyalli, irin ta ma'aikatan hanya da 'yan kabu-kabu. Gaskiya ne, tana nan kuma ba ta da tsada. Amma an yanka ta ne don ƙirjin namiji mai sanye da taguwa. Idan aka sa ta ƙarƙashin hijabi ta ɓace, idan aka ɗora ta a sama ta ɗaure hannuwa ta kuma matse jiki, abin da ake sa hijabin don a guje masa kenan. Ga zafin Afrilu da ke haura maki 40, ga leda a kan yadi. Sannan mu faɗi gaskiya, wace budurwa ce za ta shiga cikin ƙawayenta da rigar da za a riƙa tsokanarta ana kiranta 'yar rodi sefti? Wallahi ko kyauta aka ba ta, a jaka za ta ƙare.

Wasu sun riga mu shiga wannan matsala. A Ingila, a shekarar 1895, wata mai ɗinki, Alice Bygrave, ta yi rajistar wani siket mai zaruruwa a ciki, mace ta ja shi ya ɗage idan za ta hau keke, ta sake shi ya sauka idan ta iso. A Indiya doka ta sa ana sayar da babura da raga a gefen tayar baya, don kada sarin mata ya shiga. A 2017 kamfanin Nike ya fito da hijabin wasanni. Sai dai wannan ɗan ƙaramin abu ne da ke rufe kai da wuya kawai, kuma ba uwar da za ta bar 'yarta ta fita da shi a Bakura, balle kuɗinsa. Namu sai an ɗinka shi a nan.

Kuma ba wani abu ne da ya gagari telolinmu ba. Hijabi mai hannu, wanda ya tsaya a gwiwa, da roba a wuyan hannu, da maɓalli biyu a gefe da za a tattare shi lokacin tuƙi. A ƙasa dogon wando mai yalwa wanda bakinsa ya tsuke a idon sawu. Launi mai haske yana aiki da rana, da dare kuwa sai ƙyallen nan mai mayar da hasken fitila. Masu binciken hanya sun gano direba ya fi saurin gane mutum ne a gabansa idan ƙyallin yana wurin da ke motsi, wato idon sawu da wuyan hannu. Don haka siririn layi a bakin wando, a hannu, da kewayen bakin hijabi ya wadatar. Da rana kamar adon zare mai ruwan azurfa yake, irin wanda muke biya a yi mana a abaya.

Akwai abu guda da mai ɗinki a Legas ba zai tuna ba. A yankinmu ba ko'ina ne mutum ke son a hango shi daga nesa ba. Cikin gari ƙyalli kariya ne, amma a hanyoyin ƙauyukan Maradun, da halin tsaron da ake ciki, kowa ya san dalilin da zai sa a so a saje da duhu. Shi ya sa layin ya kamata ya zama mai naɗewa ciki, a fito da shi a titi, a ɓoye shi idan an bar kwalta.

Na kai wa wata mai ɗinki a layinmu wannan zance. Ta saurara, ta yi dariya, sannan ta ɗauko awo ta gwada ƙanwata. Damuwarta ɗaya, ƙyallen ba ya cikin kayan da take samu a Mafara, sai an yi saƙo Gusau ko Kano. Mun ba wani direba sautu. Keken kuma yana wajen mai gyara, na ce ya nemo masa murfin sarƙa. Sauran aikin shi ne shawo kan Baba, kuma wannan Inna na bar wa.