Mako uku a Kalaba: abin da bidiyon daƙiƙa 30 ba ya nunawa

Ranar da na faɗa wa Umma cewa a Kalaba zan yi hutun ƙarshen shekara, wajen ƙaninta da ke sana'ar nama a can, sai da ta ajiye abin da take yi ta kalle ni. "Wajen kawun naka za ka, ko wajen masu rawar nan da kake nuna wa ƙannenka a waya?" Na ce mata duka biyun, kuma ba ƙarya na yi ba. Duk Disamba sai TikTok da Instagram su cika mini ido da bikin kalankuwar Kalaba: mutane sanye da gashin tsuntsu launi-launi, tireloli ɗauke da lasifikoki, titi ya cika maƙil. Ni kuma ɗalibin aikin jarida ne, ina da waya mai kyamara da ɗan shafi mai mabiyan da ba su taka kara sun karya ba. Lissafina shi ne in je, in ɗauko bidiyo, in dawo da suna.

Tafiyar ba ta wasa ba ce. Daga Kano sai Lafiya, sai Makurdi, sai Ogoja da Ikom da Ugep, kafin a shiga Kalaba, babban birnin jihar Kuros Riba. Da rigar sanyi na baro gida saboda hunturu, amma ina sauka na fara haɗa gumi kamar ɗan dako. Iskar garin danshi gare ta. Ko wanka ka yi, kafin ka gama sa riga ka sake jiƙewa.

Kawu yana Bogobiri, unguwar Hausawan Kalaba. Idan aka rufe maka ido aka sauke ka a can da magariba, za ka rantse wani lungu ne a Fagge: ga kiran salla, ga 'yan canji, ga mai shayi yana kaɗa ƙwai, ga hayaƙin tsire ya turnuƙe layi. Sai ka buɗe ido ka ga yawancin masu sayen naman 'yan gari ne, suna ciniki da Turancin buroka, wani ma ya jefa "ƙara yaji" da Hausarsa ta koyo. A Kalaba idan mutum ya ce zai je cin suya, Bogobiri yake nufi. Na isa a farkon mako na biyu na Disamba, wato saura kusan mako uku a yi babban jerin gwanon, har na fara jin haushin na yi sammako. Kawu ya miƙo mini wuƙa da buhun albasa ya ce, "Ɗan boko, kafin masu rawa su fito, ga aiki."

A wajen yankan albasar na fara gane yadda bikin yake. Gwamna Donald Duke ne ya ƙirƙiro shi a 2004, da niyyar mayar da jihar wurin yawon buɗe ido, kuma har yau kirarin da suke yi masa shi ne bikin titi mafi girma a Afirka. Watan gaba ɗaya ake shafewa ana shagali, daga kunna fitilun bishiyar Kirsimeti har shiga sabuwar shekara. Akwai ranar yara, akwai ranar al'adu da ƙananan hukumomin jihar 18 ke fitowa da raye-rayensu, akwai ranar masu manyan babura, sannan babbar rana bayan Kirsimeti. Kuma ba rawa ce kawai ta wanda ya ga dama ba, gasa ce. Ƙungiyoyi biyar aka daɗe da sani, kowacce da launinta: Seagull ja, Passion 4 kore, Masta Blasta ruwan lemo, Bayside shuɗi, Freedom ruwan ɗorawa. A 2022 aka ƙara biyu, Diamond da Calas Vegas. Yadda matasanmu ke musun Barcelona da Real Madrid a majalisa, haka na ji ana musun Seagull da Passion 4 a gaban tukubar Kawu, har da ɗaga murya.

Kusa da mu akwai wata budurwa 'yar Efik mai rumfar POS, wajenta masu sayen nama ke cire kuɗi. Kullum da yamma sai ta rufe rumfar da wuri ta bar wa ƙaninta na'urar. Na tambaya aka ce atisaye take zuwa, 'yar rawa ce a ɗaya daga cikin ƙungiyoyin. Wata rana na roƙi ƙanin ya raka ni. Wani fili ne na makaranta, babu fitila mai kyau, babu kwalliya, babu gashin tsuntsu. Matasa ne fiye da yadda zan iya ƙirgawa, cikin tsofaffin riguna da silifas, wani mutum da usur a baki yana mayar da su baya duk lokacin da ƙafar mutum ɗaya ta saɓa. Taku ɗaya sai da suka maimaita shi har na gaji da kallo, su ba su gaji da yi ba. Akwai ɗalibai, akwai tela, akwai mai gyaran gashi. Wallahi a nan na fi jin daɗin kiɗan, don gangunan a gabanka suke, kana jin su a ƙirji. Na ɗauki bidiyo na ɗora. Ko mutum hamsin ba su kalla ba.

Da rana, kafin a hura wuta, nakan fita yawo. Kalaba tsohon gari ne, a nan hedikwatar Turawan mulkin mallaka ta kudancin Najeriya take kafin a mayar da ita Legas a 1906. A kan tudu akwai tsohon gidan gwamnan Turawa na katako, wanda aka ƙera a Birtaniya aka kawo shi a jirgin ruwa a 1884, yanzu gidan tarihi ne, daga barandarsa kana hango kogin Kalaba. A bakin kogin, a Marina, akwai gidan tarihin cinikin bayi. Na shiga da dariyata na fito jikina a sanyaye, don daga wannan gaɓar aka yi ta lodin mutane zuwa ƙetare. Sai na ga wasu 'yan mata a ƙofar fita suna gyara tsayuwa don hoto, ni ma kuma wayata tana hannu. Ban ce komai ba.

Na leƙa Tinapa, katafariyar cibiyar kasuwanci da shaƙatawa da aka buɗe a 2007 da burin ta riƙa jawo baƙi duk shekara. Gine-ginen suna nan, mutanen ne babu. Wannan ita ce damuwar garin da ba a ɗorawa a intanet: baƙi na wata ɗaya ne, haya da kuɗin makaranta kuwa na wata goma sha biyu. Kawu ya ce cinikin Disamba da shi yake toshe ramukan damina, lokacin da ruwa kan wuni yana zuba, babu mai fitowa cin tsire. Masu otal da direbobin tasi su ma a watan suke ramawa, shi ya sa kuɗin ɗaki ke tashi. Wanda ke shirin zuwa, ya nemi masauki tun da wuri, ko ya nemi kawu.

Batun abinci kuwa, a nan suka gama da ni. Miyar edikang ikong, ta ganyen ugu, da miyar afang, da teba ko sakwara, ga busasshen kifi da ƙananan dodon koɗi a ciki waɗanda ake tsotsewa. Ranar farko na kasa, ranar uku na ƙware. Shawarata ɗaya, ka tambayi irin naman da ke cikin tukunya kafin a zuba maka, ko ka ce kifi kawai. Babu mai jin haushi, sun saba. Kalma ɗaya na koya da Efik, "sosongo", wato na gode, kuma ta ƙara mini miya ba sau ɗaya ba.

Da dare akwai Ƙauyen Kirsimeti, fili ne da ake cika shi da rumfunan abinci da abin sha, makaɗa suna wasa kai tsaye. Zan faɗi gaskiya, giya tana yawo sosai a wurin, kuma idan dare ya yi nisa ba wajen zaman irina ba ne. Amma da farkon dare iyalai ne da 'ya'yansu. Na ga masu kiɗan hayilayif da ƙaho da jita suna tsofaffin waƙoƙin Efik, wani dattijo ya miƙe da matarsa suna takawa a hankali kamar babu kowa a wurin. Da aka saki "Kukere" ta Iyanya, wanda ɗan garin ne, sai filin ya rikice da rawar etighi, yaro da babba. Waƙar tun ta 2012 ce, amma a can kamar jiya ta fito.

Ana saura kwana biyu babbar rana, na lura Kawu ya ja tukubarsa baya daga bakin titi, ya kuma hana yaran shagon tsayawa a gefen kwalta. Na ce, "Kawu, ai nan ne ciniki yake." Ya yi shiru, can ya ce, "Ba ka nan a 2022." Ranar 27 ga Disambar shekarar, ranar masu babura, wata mota ta afka cikin 'yan kallo a nan Bogobiri. Mutane da dama suka rasu, wasu da yawa suka ji rauni, gwamnan lokacin, Ben Ayade, ya dakatar da wasan ranar. Shekarar ce kuma aka dawo da bikin bayan korona ta hana yin sa a 2020 da 2021. Na taɓa ganin labarin a waya, na wuce shi kamar yadda muke wuce komai. A Bogobiri ba a wuce shi ba. Akwai masu nuna maka daidai inda suke tsaye a ranar.

Babbar ranar ta zo. Hanyar jerin gwanon kilomita 12 ce, daga dandalin Millennium, ta titin Mary Slessor da Marian da MCC da babban titin Murtala Mohammed, a ƙare a filin wasa na U.J. Esuene. An rufe tituna tun safe, don haka duk inda za ka, da ƙafa ne. Ba a fara da wuri ba, rana ta gasa mu son ranta. Ni dai ina ta ɗauka: tirela ta wuce in ɗauka, masu tafiya a kan dogayen sanduna su wuce in ɗauka. Cunkoso ya sa intanet ta ƙi tafiya, bidiyo ɗaya ya yi ta juyawa bai hau ba. Wajen la'asar caji ya ƙare, fawa bank ɗina kuma na ba wani yaron shago da safe ban karɓa ba. Na ji kamar in yi kuka.

Da babu abin yi, sai na kutsa kusa da ɗaya daga wuraren da alƙalan gasa ke zama, na tsaya ina kallo da idona. A nan na gane abin da ban taɓa ganewa a waya ba. Kowace shekara akwai jigon da ake bayarwa, kuma kowace ƙungiya idan ta iso gaban alƙalai sai ta tsaya ta ba da labari a kan jigon, kashi-kashi, da rawa da sutura da kiɗa. Wasan kwaikwayo ne a kan kwalta, mai farko da tsakiya da ƙarshe. Takun nan da na ga ana maimaitawa a filin makaranta har na gaji, ashe gurbinsa guda ne a cikin labarin, kuma da ya zo, mutum ɗari suka sauke ƙafa lokaci ɗaya, sai da tsigar jikina ta tashi. Na ga mata masu rawar ekombi, wadda ake kwaikwayon igiyar ruwa da ita, cikin doguwar rigar Efik da murjani. Na ga tsofaffi da suka yi jika suna tafe cikin layi, da masu bin 'yan rawa da ruwan leda, da wata da ƙafarta ta riƙe aka ɗauke ta aka sa a mota.

E, akwai shigar da ta sa na kawar da kai, ba zan ɓoye wa Umma ba balle ku. Amma a cikin awannin da na yi a tsaye, wannan ɗan kaɗan ne daga abin da ya wuce ta gabana, alhali a wayata kusan shi kaɗai nake gani duk shekara. A aji an koya mana cewa mai kyamara yana zaɓen abin da zai nuna. Ba a gaya mana cewa mu masu kallo mu ne ke koya wa manhajar abin da za ta ƙara turo mana ba. Wanda ya san Hawan Daushe a bidiyo kawai, ai bai san mai yankan ciyawar doki ba, bai kuma san awa nawa aka yi ana naɗa rawani ba.

Ban kai filin wasa ba, ƙafata ta ƙi. Na dawo Bogobiri wajen sha ɗayan dare na tarar layi har titi, Kawu ko kallona bai yi ba ya miƙo mini takardar naɗe nama. Muna jin kiɗa daga nesa har aka kusa kiran asalatu. Naman da aka tanada don kwana biyu a daren ya ƙare.

Da safe masu shara suka fito, titi duk gashin tsuntsu da ledar ruwa. Wajen ƙarfe goma mai POS ta buɗe rumfarta, tana ɗingishi, da sauran ƙyalƙyali a gefen ido. Ƙungiyarsu ba ta zo ta ɗaya ba, ta ce alƙalai ne suka yi son kai, kamar dai yadda kowa ke faɗa idan an ci shi. Na tambaye ta ko za ta sake baɗi. Ta kalle ni kamar na yi tambayar wauta, ta ce in matsa, akwai mai son cire kuɗi a bayana.

Bayan sabuwar shekara da kwana biyu garin ya koma shiru, tasi suka dawo neman fasinja. Kawu ya raka ni tasha da ƙullin kilishi na Umma, ya ce idan na ga dama in dawo a watan Yuli in ga Kalaba ta ainihi, amma in taho da lema. A mota na buɗe wayar, intanet ta dawo, bidiyon tirelar nan ya hau har ya sami 'yan kallo fiye da duk abin da na taɓa ɗorawa. Sharhin farko da na gani, wani ne ke tambaya wai a Brazil ne.