Feshin Barkono: Abin Da Falke Zai Duba Kafin Ya Saya

Kowa ya san falken shanu ba ya rabuwa da kuɗi a jiki. Ranar kasuwa a Maigatari, ko Illela, ko Mubi, mutum zai sayar da bijimai, ya ɗaure kuɗinsa a ƙugu, ya nufi masauki bayan magariba, alhali ɓata-gari na biye da shi. Shi ya sa wasu daga cikinmu ke tambaya game da ɗan gwangwanin nan na feshin barkono. To, ga abin da ya kamata a sani.

Da farko dai, aikinsa ɗaya ne, watau ya ba mutum sararin gudu. Sinadarin da ke ciki shi ne wanda ke sa barkono yaji, an tace shi an tsananta. In ya shiga ido sai idon ya rufe, hawaye da majina su ɓarke, tari ya turnuƙe mutum, kuma zafin yakan ɗauki minti 30 zuwa 45 kafin ya lafa. Yana maganin ɗan ƙwace guda ko biyu, ko mugun kare. Amma in 'yan fashi masu bindiga suka tare hanya, kada wanda ya kuskura ya fito da shi. Dukiya ana mayar da ita, rai kuwa ba a mayarwa.

Na biyu, a karanta jikin gwangwanin. In an ga OC, shi ne na barkono. In an ga CS, wannan barkonon tsohuwa ne irin na 'yan sanda, kuma bai cika kama kare ko wanda ya bugu da ƙwaya ba. Mu dai OC muke ba da shawara.

Na uku, yadda yake fita. Akwai mai fita kamar hazo, akwai mai fita siriri kamar ruwan sirinji, akwai kuma mai kauri wanda ke manne wa fuska. Mai hazon ba ya buƙatar saiti sosai, amma fa iska ce ke mulkinsa. Lokacin hunturu, ka fesa wa ɓarawo, iska ta maido maka kayanka. Haka nan a cikin mota ko ɗaki, kowa sai ya sha. A tsakiyar kara kuwa, in ya shiga hancin shanu suka firgita, Allah kaɗai ya san wanda za su tattake. Saboda haka siririn ko mai kaurin ya fi dacewa da mu. Galibinsu suna kai mita 3 zuwa 4.

Na huɗu, kwanan wata da zafi. Gwangwanin yakan yi shekara 2 zuwa 4, daga nan ƙarfin fitarsa ya ragu. Wanda ba shi da kwanan wata, ko ya sha rana a teburin mai koli, a bar masa abinsa. Masu yinsa suna gargaɗi kada ya wuce zafin digiri 50, kuma gaban tirela da aka rufe a watan Afirilu yana wuce haka. Sai ya yi yoyo ko ya fashe. A zaɓi mai makulli a kan maɓallinsa, a sa shi a aljihun da hannu zai kai nan take, a nisanta shi da yara. Bayan an saya, a gwada shi sau ɗaya a fili, iska tana bayanka.

Na biyar, wanda ya fi shafar mu masu tsallaka iyaka, shi ne doka. Kowace ƙasa da tata. A Ingila haramtaccen makami ne ƙarƙashin dokar 1968. A Faransa baligi na iya sayen wanda bai wuce mililita 100 ba, amma yawo da shi sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Takardun shanu ba su rufe shi ba. Kafin ka tsallaka da shi, tambayi 'yan sanda ko jandarmomi na ɓangarorin biyu, ka kuma riƙe rasiɗinka, kada abin kare kai ya jawo tsaiko a shinge, dabbobi na galabaita cikin mota. Ba kuma a shiga jirgin sama da shi a jakar hannu.

In tsautsayi ya sa ya taɓa ka, kada ka murza ido, kada ka shafa mai. Fita sarari, ka yi ta wankewa da ruwan sanyi mai yawa. Mai ciwon asma a garzaya da shi asibiti.

Daga ƙarshe muna tunatarwa, ba a fito da shi don gardamar ciniki ko rigimar la'ada. Tafiya cikin ayari, da rarraba kuɗi, da tura su ta banki ko ta waya in da hali, sun fi kowane gwangwani. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, amin.