Waƙar da Ta Hana Amita Barci

Mai karatu, a ce kai ne iyayenka suka kashe dukiya suka tura ka Ostareliya, ka yi digiri na biyu a fannin akanta, ga takarda a hannu, ga hanyar aikin ofis a buɗe. Za ka tattara kayanka ka koma gida ka ce waƙa za ka yi? Wata budurwa mai suna Yohani Diloka de Silva ta yi hakan a 2019, kuma da ka ga yadda lamarin ya fara, da ka ce yarinyar nan ta yi wauta.

An haife ta a Kolombo, babban birnin kasuwancin Siri Lanka, ranar 30 ga Yuli, 1993. Mahaifinta, Prasanna de Silva, soja ne da ya kai muƙamin manjo-janar, yana cikin kwamandojin da suka ja runduna a ƙarshen yaƙin basasar ƙasar wanda ya ƙare a 2009. Mahaifiyarta kuwa ta yi aikin kula da fasinjoji a jirgin sama. Yohani ta yi makarantar 'yan mata ta Visakha a Kolombo, ta yi wani karatun a Landan, sannan ta shiga Jami'ar Tsaro ta Kotelawala inda ta karanci harkar sufurin kaya. Ka duba tsarin nan da kyau. Ina ka ga hanyar mawaƙiya a cikinsa?

Sai dai tun 2016 tana ɗora waƙoƙi a YouTube, mafi yawa na wasu ne take maimaitawa da jitarta. Abin da ya fara jawo mata ido shi ne yadda take zubo gambara da harshen Sinhala, cikin sauri ba tuntuɓe, a fagen da maza suka mamaye. Har aka yi mata laƙabi da gimbiyar gambara. Amma sunan bai wuce tsibirin Siri Lanka ba. Mutanen ƙasar gaba ɗaya kimanin miliyan 22 ne, masu jin Sinhala ma ba su kai haka ba. Ko kowa ya saurare ka, ina za ka kai?

To ga inda labarin ya juya. A watan Yuli na 2020, wani mai haɗa kiɗa, Chamath Sangeeth, ya fitar da wata waƙar soyayya mai suna Manike Mage Hithe. Satheeshan Rathnayaka ne ya rera, Dulan ARX ya rubuta baitocin. Waƙar ta fita, ta yi ɗan zagayenta a gida, ta kwanta. Wata goma tana kwance. Da kai ne Chamath, za ka sake taɓa ta, ko za ka ce Allah ya kawo wata?

Shi dai ya sake taɓawa. Ana tsakiyar annobar korona, babu bukukuwa, babu wasan dandali, mawaƙa na zaune a gida suna ƙirga silin. Ya haɗa Yohani da Satheeshan suka sake ɗaukar waƙar, aka saka ta a YouTube ranar 22 ga Mayu, 2021. Bidiyon ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Babu 'yan rawa, babu manyan motoci, mawaƙa ne kawai a gaban makirufo. Ita tana rerawa da wata murya mai ɗan dishi-dishi, tana murmushi, can kuma sai a ɓalle da gambara. Shi ke nan fa. Wa zai ce wannan zai tsallaka teku?

Ya tsallaka kuwa, ya faɗa Indiya, ƙasar mutum sama da biliyan ɗaya waɗanda ba su jin ko kalma guda ta Sinhala. Wannan kam bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba. Shekara nawa muka yi muna rera waƙoƙin finafinan Indiya a Kano da Zinder ba tare da sanin me suke cewa ba? Sai ga shi ranar ta zo Indiyawan su ma sun ɗanɗana. Matasa suka dinga ɗora waƙar a kan bidiyoyinsu na Instagram, aka juya ta zuwa Tamil da Malayalam da Bengali da wasu harsunan. Wata ma'aikaciyar jirgin IndiGo ta taka rawarta a cikin jirgi babu fasinja, miliyoyi suka kalla.

Sannan babban ya shigo. A watan Agusta, Amitabh Bachchan, Amita dai da ka sani, ya wallafa wani bidiyo na rawarsa a fim ɗin Kaalia na 1981, wanda jikarsa ta cire waƙar asali ta ɗora wannan. Dattijo mai shekara kusan 80 ya faɗa wa duniya cewa ya kwana yana maimaita waƙar, ya kasa dainawa. Kafin Satumba ya ƙare, kallon bidiyon ya haura miliyan 100, abin da wata waƙar Sinhala ba ta taɓa yi ba. A Oktoba, ga Yohani a shirin talabijin na Bigg Boss tana koya wa Salman Khan baitocin, harshe na sarƙe masa, jama'a na dariya.

Mai karatu, a ce kai ne shugaba a ƙasar, me za ka yi? Gwamnatin Siri Lanka ta ga abin alfahari ya samu, sai a Disambar 2021 majalisar ministoci ta amince a ba Yohani fili a Battaramulla, kusa da Kolombo, mai faɗin murabba'in mita kusan 245, wato ya ɗan ɗara fulotinmu na hamsin-ba-hamsin. Ba na ganin laifinta ko kaɗan, muryarta ce ta tashi waƙar daga barci. Amma ita kaɗai ta yi aikin? Wanda ya tsara kiɗan da wanda ya rubuta baitocin da wanda ya fara rerawa fa? Halin ɗan Adam ke nan, fuskar da ya gani ita yake yi wa liƙi.

Wani abin kuma, gwamnatin mai kyautar fili ashe baitulmalinta ya kusa wayam. A Afrilun 2022 ƙasar ta sanar da dakatar da biyan bashinta na waje. Layin mai ya miƙe, ana ɗauke wuta har awa 13 a rana, kuma ranar 9 ga Yuli masu zanga-zanga suka kutsa fadar shugaban ƙasa har suna iyo a tafkin wankansa. Bayan kwana huɗu shugaba Gotabaya Rajapaksa ya tsere daga ƙasar.

Ita kuwa akantar da ta ajiye takarda? Ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin waƙa na T-Series, ta koma Mumbai da aiki, ta duƙufa koyon Hindi. A Oktoban 2022 fim ɗin Thank God ya fito ɗauke da waƙar cikin sabuwar riga ta Hindi, ita da Jubin Nautiyal suna rerawa, Nora Fatehi da Sidharth Malhotra suna rawa. Bidiyon nan na ɗakin ɗaukar waƙa kuma tuni ya wuce kallo miliyan 200. Idan ka je nemansa, mai karatu, ka ɗan tsaya ka karanta sunayen da ke ƙarƙashinsa, akwai Chamath da Dulan da Satheeshan a wurin.