Kafin ki ba yara zobon gora: duba, sansana, sannan ki kurɓa

A lardin Mendoza na ƙasar Ajantina, inda ake noman inabin Malbec, masu tantance jar giya ba sa yanke hukunci sai sun duba launi, sun sansana, sannan su kurɓa. Ita giya, a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko kaɗan aka sha tana da illa. Amma matakan nan uku za su yi wa uwargida amfani wajen tantance zobon da ake tallarsa a gora daga tashar Kafanchan har kasuwar Kwoi.

Zobo mai kyau ja ne garau. In ya yi duhu sosai, sau da yawa kanwa ce ta yi yawa, wadda ake sakawa don kashe tsami.

Hanci ya fi ido aiki. In kin buɗe gora ta yi huci, ga kumfa, ga wari mai kama da na kunun da ya kwana, to sukarin ciki ya fara rikiɗa, ya kama hanyar zama barasa. Zubar da shi. Abin da ya kamata ki ji shi ne kanumfari da citta, kuma mutanen Nok da sauran ƙasar Jaba ba a yi musu wayo a nan, don citta a gonakinsu take fitowa. Tun da cutar citta ta 2023 ta lalata gonaki a Jaba da Kachia da Kagarko, farashi ya tashi, don haka ki lura: yajin citta ɗumi yake saukarwa a maƙogwaro, na barkono kuwa leɓe yake ƙonawa.

A baki, tsami da ɗan bauri su ne shaidar zobo. Wanda zaƙi ya rufe komai ruwan sukari ne mai launi, bai dace da mai ciwon sukari ba. A binciken Jami'ar Tufts ta Amurka na 2010, kofi uku na shayin zobo kullum har mako shida ya ɗan sauke hawan jini, don haka mai shan maganin hawan jini, da mai juna biyu, su fara tuntuɓar likita.

Ƙwayar taifot kuwa ba ta da launi, ba ta da wari. Tambayi mai sayarwa da wane ruwa ta sirka bayan tafasa, da kuma inda ta samo gorunan.