Yadda Kashi Ɗaya Ya Iso Asibitin Mazaɓa

Matar da ta je awo a ƙaramin asibitin mazaɓa, a Rimaye ko Yashe, aka ce ta mayar da kuɗinta tunda sunanta na rajista, da wuya ta san shekarun da aka kwashe ana ja-in-ja a Abuja kafin kuɗin da ake biya mata awon su iso.

A Amurka, da Obama ya kawo dokar inshorar lafiya a 2010, jam'iyya ce ta raba majalisa: a ƙuri'ar ƙarshe ta wakilai, ko ɗan Rifablikan ɗaya bai goyi baya ba. Namu rikicin ba na laima da tsintsiya ba ne. Tun 2004 ƙudurin dokar lafiya ta ƙasa yake yawo a majalisa. A 2011 aka amince da shi, sai likitoci da sauran ma'aikatan lafiya suka kacame kan wanda zai shugabanci hukumar manyan asibitoci. Shugaba Jonathan bai sa hannu ba. Tsarin mulki ya ba majalisa ikon tsallake shugaba da rinjayen biyu bisa uku, amma wa'adinta ya ƙare, ƙuduri ya bi ta kabari. Shiru ma dabara ce a siyasa.

Da Sanata Ifeanyi Okowa ya sake kawo shi, an rage kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya da aka ware wa lafiya matakin farko zuwa kashi 1, sannan aka sa hannu a 2014. To, doka ta samu, kuɗi babu. Sai a kasafin 2018 majalisa ƙarƙashin Bukola Saraki, wanda likita ne, ta cusa sama da naira biliyan 55 da ɓangaren zartarwa bai sa ba. Shugaban ƙasa da shugaban majalisa duk 'yan APC ne a lokacin, amma ba sa ga maciji.

Kuma an gindaya sharaɗi: jihar da ba ta kafa hukumar inshorarta ba, ba ta da rabo. Katsina ta yi tata dokar a 2018, zamanin Gwamna Masari. Shi ya sa idan ɗan majalisar Kankiya, Ingawa da Kusada ya zo neman ƙuri'a, kafin a tambaye shi motar asibiti, a fara tambayarsa nawa aka saki daga kashi ɗayan nan a bana.